Yaranmu na Nima da filin wasa

Da la'asar yau a lungunmu na unguwar Nima a Accra, ƙwallon yara ta faɗa kwata. Wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu cikin baƙin ruwan nan ya ciro ta, ya goge a rigarsa, suka ci gaba da wasa. Na ce masa, "Kai ɗana, je ka wanke hannu." Ya ce, "To Baba, bari mu ci wannan tukuna." Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na ji daɗi da aka gyara wurin tunawa da Kwame Nkrumah aka sake buɗe shi a 2023, Accra ta cancanci haka. Amma wace uwa a Nima ko Maamobi za ta biya kuɗin trotro (motar haya) da na shiga kullum don ɗanta ya yi guje-guje? Mu ƙaramin fili muke so kusa da gida, da bishiyoyi da fitila, a kuma ware kuɗin mai shara da mai gadi tun daga farko, domin rashin kulawa ke kashe irin waɗannan wuraren. Ina ganin lokaci ya yi da mu iyaye za mu kai maganar nan gaban sarakunan zango da wakilinmu na majalisar ƙaramar hukuma.