Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Hayaƙin da ke Fitowa daga Ƙasa

A makon jiya mun tsaya a inda Auta ta dawo daga makaranta da aikin gida, malamarsu ta ce kowane yaro ya zana salsalar gidansu a siffar bishiya. Ɓangarena bai ci mana minti goma ba. Na jero mata kamar yadda kakata take jero mana a tsakar gida a Zariya bayan sallar isha'i, wane ɗan wane, wane ɗan wane, har zuwa kan malamin da ya taso daga Barno da allonsa da jakinsa, mutum bakwai cif. Da muka juya ɓangaren uwarta sai reshe ya tsaya a na uku. Maman Auta ta san mahaifiyarta, ta san kakarta wadda har yanzu tana raye, daga nan kuma sai kalma ɗaya tak, Nicodemus. Ta ce daga can suka fito, amma sau ɗaya aka taɓa kai ta tana ƙarama.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara goma sha biyar ke nan ina zaune a jihar Kansas ta Amurka, tun zuwana karatun aikin gona a garin Manhattan, amma ban san asalin matar da ta haifa mini 'ya'ya ba. A gida da tuni an tambaye ni, 'yar gidan wa ka auro?

Ranar Asabar muka tafi Topeka wurin tsohuwa. Kaka nake kiranta, kuma ta karɓi sunan tun ranar da na fassara mata shi. Ta haura shekara casa'in, kunne ya yi nauyi amma ƙwaƙwalwa garau. Bayan mun gaisa na zauna ƙasa kusa da kujerarta kamar yadda na saba, na ce, "Kaka, na zo neman mutanenku ne." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, kai ne na farko da ya tambaya." Ta aiki Maman Auta ɗaki ta ɗauko wani Baibul naɗe da tawul. Bangonsa ya rabu da jikinsa. A shafin farko akwai sunaye da rubutun hannu iri uku, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Kowane suna da ranar haihuwarsa a gefe, ban da na can sama. Shi wannan ba rana, ba wata, ba shekara, an rubuta Kentaki kawai. Kakan mahaifin Kaka ne. Kaka ta roƙe ni kada in sa sunayensu a intanet, saboda haka zan riƙa kiransa Dattijo.

Ita ba ta riske shi ba, amma ta riski ɗansa, wato kakanta, wanda ya zo Kansas yana yaro ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Abin da ya fi ba su labari shi ne tafiyar ƙafa. Jirgin ƙasa ya sauke su a garin Ellis, sauran tafiyar kuwa, fiye da mil talatin, babu layin dogo, babu hanya, babu bishiyar da za a fake. Ciyawa ce kawai da iska.

Da na koma gida na shiga karatu sai labarin ya zauna daram a kan abin da aka rubuta. An kafa garin Nicodemus a 1877 a ƙaramar hukumar Graham, kusa da kogin Solomon. Wani Bature mai harkar filaye, W. R. Hill, da wani fasto baƙar fata, W. H. Smith, suna cikin jagororin abin. An bi majami'un baƙar fata a jihar Kentaki ana tallar ƙasar, mutanen da shekara goma sha biyu kacal da fitarsu daga bauta, suna noma a gonakin tsofaffin iyayengijinsu ba su da ko taku ɗaya na kansu. Ayari babba ya taso daga wajen Lexington a watan Satumba na 1877, wani kuma daga Georgetown a farkon 1878. A cikin wannan na biyun ne matar fasto Daniel Hickman take, kuma ita ce ta bar labarin da kowa a can ya haddace. Ta ce da ta ji maza suna ihu ga Nicodemus can, sai ta buɗe ido iya buɗewa ba ta ga gari ba. Mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa nan da can, ya ce garin ke nan. Sai ta fashe da kuka. Mutanen a cikin rami suke zaune, domin babu katakon gini. Sukan haƙa gefen tudu ko gaɓar rafi, su rufe sama da rassa da ƙasa, su bar ƙofa ɗaya da mafitar hayaƙi. Wasu daga cikin waɗanda suka zo suna ganin haka suka juya.

Abin da ya zaunar da sauran shi ne dokar rabon gonaki da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu, 1862. Duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, zai iya neman eka 160, wato kusan hekta 65, a kan kuɗin takardu dala 18 gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne ya gina wurin zama, ya noma ƙasar, ya zauna shekara biyar, sannan ya kawo shaidu biyu su rantse cewa ya cika. Dole in faɗa, ƙasar nan da gwamnati take rabawa ba marar mai ita ba ce, an kori 'yan asalin wurin ne kafin a auna ta. Kuma a Nicodemus har yau suna ba da labarin cewa a hunturun farko, da yunwa ta matsa, mafarautan ƙabilar Osage da suka biyo ta wurin ne suka raba musu nama.

Daga nan na shiga bin sawu a takardu, dare bayan dare, bayan yara sun kwanta. A Amurka ana ƙidayar jama'a duk shekara goma, kuma ba a buɗe sunayen ga jama'a sai bayan shekara 72. Na fara daga ta 1950 inda na sami Kaka budurwa, na riƙa komawa baya. A ta 1900 ga kakanta magidanci, sana'a manomi. Ta 1890 babu ita, gobarar da aka yi a wani ginin gwamnati a Washinton a 1921 ta lalata mafi yawanta, kuma duk mai wannan aikin sai ya yi tuntuɓe da wannan giɓin na shekara ashirin. Abin da ya cece ni shi ne jihar Kansas tana yin tata ƙidayar a shekarun da suka ƙare da biyar, don haka ta 1885 da ta 1895 suka haɗa mini igiyar. A ta 1880 na sami gidan gaba ɗaya, Dattijo da matarsa da yara biyar. Huɗu an haife su a Kentaki, ƙaramar kuwa an rubuta mata Kansas. Ke nan a cikin ramin nan aka haife ta.

Takardar mallakar gonar na same ta a shafin hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, kyauta. Amma wannan takarda ɗaya ce mai suna da lambobin awo. Ainihin labarin yana cikin fayil ɗin da ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Washinton. Na biya kuɗi na nemi kwafi, na jira makonni.

Ranar da ya iso ban iya cin abincin dare ba. Tambayoyi ne bugaggu da amsoshi da alƙalamin magatakarda. Yaushe ka fara zama a wurin? Wane irin gida ka gina? Dattijo ya amsa cewa da farko ɗakin rami ne, daga baya ya yi ɗaki na tubalin ciyawa mai taga biyu, ya haƙa rijiya, ya yi garke. Eka nawa ka noma? Shekarar farko eka biyu. Shekara ta biyu biyar. Sai da aka kai ta biyar ya kai ashirin da 'yan kai. Ka taɓa barin wurin? Ya ce ya kan tafi aikin ƙodago na 'yan watanni don samun abin da za a ci, amma iyalinsa ba su taɓa tashi ba.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai raina eka biyu. Ni na san ta, aikina ke nan. Ciyawar wannan fili saiwarta a sarƙe take kamar tabarma, ta yi ɗaruruwan shekaru ba a taɓa ta ba, har akan yanka ta a yi gini da ita kamar tubali. Masu hali da garmar ƙarfe da shanu ko dawakai suke fasa ta. Mutanen Nicodemus na farko kusan ba su da dabbobin noma, wasunsu da shebur da fartanya suka fara. Ruwan sama kuwa bai wuce irin na wajen Daura ba, ga sanyin da ke daskarar da ruwa a cikin tulu, ga makamashi babu sai busasshen kashin dabbobi da karan ciyayi. Na yi noman fartanya ina yaro a gonar babana, na san abin da kadada ɗaya take yi wa ƙugu. Da na karanta eka biyu ɗin nan sai da na ajiye takardar na tashi na zaga ɗaki.

A ƙasan shafin ƙarshe magatakarda ya rubuta sunan Dattijo, ya bar fili a tsakiya. A cikin filin akwai gicciye guda, ɗan karkatacce, an danna alƙalamin har tawada ta taru a ƙarshensa. Hannunsa ne. A duk abin da na tara, wannan kaɗai ne abin da shi da kansa ya yi.

Gani ya kori ji. A ƙarshen makon ƙarshe na watan Yuli zuriyar garin suke taruwa bikin tunawa da 'yanci da dawowa gida, wanda suke yi tun 1878. Muka ɗauki Kaka muka bi babbar hanya mai lamba 24. Garin yanzu 'yan tsirarun mutane ne. Layin dogon da suka yi ta jira ya kauce musu a 1888, ya bi ta ƙetaren kogi, 'yan kasuwa suka kwashe zuwa sabon garin Bogue, daga nan Nicodemus bai sake tashi ba. A 1996 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, da gine-ginensa biyar, majami'u biyu, makaranta, masauki da zauren taro na farin dutse. Amma ran bikin sai ka ga motoci daga Denver, daga Kalifoniya, daga ko'ina, ana ta tambayar juna ke jikar wa ce. Wallahi kamar ina Zariya ranar hawan sallah.

Gonar ta fita daga hannunsu a shekarun 1930, lokacin fari da guguwar ƙura, bashi da haraji suka cinye ta. Da lambobin awon da ke takardar muka gano ta. Mai ita na yanzu ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe mana shinge. Dawa ce shuke a ciki, gajeriya iya ƙugu, ba irin doguwar kaura tamu ba, ta fara fitar da kai. Kansas ce kan gaba a noman dawa a duk Amurka, na san haka tun a aji, amma ganinta a wannan gonar daban ne. A gefen wani busasshen rafi akwai wani kwari kamar an dafa ƙasa da tafin hannu. Kaka ta ce a tsayar da keken da ake tura ta a ciki a nan. Ta ce kakanta ya taɓa kawo ta ya nuna mata. Ta kira Auta ta ce, "Shiga ki tsaya a ciki." Yarinyar ta shiga, ciyawa har gwiwarta, ba wanda ya ce uffan.

Saura Kentaki. A ƙidayar 1870 na same shi a ƙaramar hukumar Scott, inda Georgetown take, ɗan ƙodago a gona, da mace da jariri. Ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Kuma a Kentaki bautar ta daɗe, domin sanarwar 'yanci ta 1863 ba ta shafe ta ba, sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na 13 a watan Disamba na 1865. Da na buɗe ta 1860 sai sawu ya ɓace. Bayi suna kan takarda dabam, ƙarƙashin sunan ubangidansu, ba suna, sai shekaru da jinsi da launin fata. Na sami wani mai gona mai sunan iyali irin na Dattijo, a ƙarƙashinsa layi goma sha ɗaya. Namiji, 17, baƙi. Namiji, 15, baƙi. Ɗaya daga cikinsu zai iya zama shi. Na daɗe ina kallon layukan nan.

A daren ne wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa tunaninsa ba. Mutum bakwai ɗin da kakata take jero mana duk maza ne. Akwai wata tsohuwa a labarin gidanmu, uwar kakan babana, da ake cewa kawai an kawo ta daga kudu. Ba a faɗin garinsu, ba a faɗin ubanta, ko sunanta na yanka ban taɓa ji ba, kuma in yaro ya tambaya sai a sauya magana. Na ɗauki waya na kira yayan babana a Zariya, shi kaɗai ya rage a cikinsu. Na ce, "Baba, ina son in tambaye ka wata magana." Ya yi shiru, ya ce irin wannan ba a waya ake yin ta ba, in bari sai na zo.

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Topeka ta ba ni shawara cewa in sunan bawa zai fito kafin 1865, to a takardun wasiyya da rabon gado zai fito, inda ake lissafa su tare da dawakai da kayan ɗaki, kowa da farashinsa. Waɗannan littattafan suna kotun Georgetown. Na ɗauki hutun kwana huɗu, Maman Auta ta ce ba za a bar ta a baya ba. Abin da muka tarar a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.