Wutar rana ta iso Gider, amma murhunmu har yanzu na ice ne

Ni ina cikin waɗanda suka yi murna da aka buɗe tashoshin lantarki na hasken rana a Marwa da Gider, a arewacin Kamaru, a 2023. Duk mazaunin Garwa ya san yadda muke ƙarewa in ruwan Lagdo ya ja baya da rani. Madatsar nan tun 1982 take ɗauke da arewa, megawat 72 ne ƙarfinta ko tana cike, mutane kuwa sun ninka. Megawat 30 da tashoshin biyu suka ƙara ba ƙaramin sauƙi ba ne. Gwamnati kuma ta ce tana son kashi 25 cikin ɗari na lantarkin Kamaru ya fito daga rana, iska da ƙananan madatsu nan da 2035. Allah ya cika.

Sai dai lissafin nan duk na wayar lantarki ne, alhali wutar da ke ɗumama gidajenmu ba ta waya take bi ba. Da hunturu ya shigo, a Disamba da Janairu, da asuba za ka ga tsofaffi sun kewaye kasko suna jin ɗumi, tukunyar ruwan alwala na kan murhu. Ƙanwata ta haihu a tsakiyar sanyin bara. Kwana arba'in na wankan jego, safe da yamma, babbar tukunya sai ta tafasa. Na ga tulin icen da mijinta ya jibge a bakin zaure, ya kai ƙirjin mutum, kafin a yi rabin wankan ya ƙare. Mai amalanken da ke kawo musu ya ce da Inna: "Hajiya, yanzu sai mun yi nisa kafin mu ga busasshe."

Akwai gas, na sani. Cika tukunyar gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne a farashin hukuma. To amma sai ka fara sayen tukunyar kanta da kan murhun, mai sayen icen sefa ɗari biyu kullum ina zai haɗa wannan kuɗi lokaci guda?

Hani kawai ba ya magani. Chadi ta hana gawayi a farkon 2009 alhali yawancin gidajen Njamena ba su da gas, mata suka koma tsintar kashin shanu. Ba na fatan mu bi wannan hanya.

Abin da nake roƙo shi ne a sa wa murhu nasa adadi da wa'adi, kamar yadda aka sa wa lantarki: gida nawa ne a Garwa, Marwa da Ngaundare za su sami murhu mai tsimin ice, da tankin dafa ruwa da zafin rana, kuma zuwa wace shekara. Maƙeranmu za su iya ƙera murhun. A sansanin 'yan gudun hijira na Minawao ma mata na yin gawayi da ɓawon gyaɗa da karan hatsi. A fara da gidajen masu jego da asibitocin haihuwa, a bar mutum ya biya kaɗan-kaɗan.