Yadda na yi wa sunan yajina rajista a Jamus

Ina haɗa yaji da kilishi a Hamburg, ina kuma karɓar aikin girkin biki da na suna. Da sana'ar ta fara kankama sai na je ofishin gunduma na yi abin da ake kira Gewerbeanmeldung a nan, wato sanar da hukuma cewa ka buɗe kasuwanci. Da yawa daga cikinmu mazauna Jamus muna ɗauka wannan takardar ta mallaka mana sunan da muke sana'a da shi, kamar yadda a gida wasu ke ɗaukar takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Ba ta mallaka ba. Gaskiya ne doka tana ba sunan da ake kasuwanci da shi ɗan haƙƙi ko ba rajista, amma yawanci iya yankin da aka san ka ne, kuma ranar da rigima ta tashi kai ne za ka yi ta kawo hujja. Tambarin kasuwanci hukumarsa daban, sunanta DPMA, hedikwatarta tana Munik, tana da rassa a Yena da Balin.

Wani Alhaji ɗan Zangon Kumasi mai shagon kayan Afirka ne ya fara ja min kunne. Ya ga ina shirin ba da kwangilar buga leda da sitika, sai ya ce, "Ƙanwata, kafin ki zuba kuɗi a ledar nan, ki je ki tabbatar sunan naki ne." Shi ya taɓa ƙulla kaya da wani suna da ya ƙirƙira da kansa, bai san wani kamfani ya riga ya yi rajistar mai kama da shi ba. Wata rana wasiƙar lauya ta iso, irin wadda Jamusawa ke kira Abmahnung: ya daina amfani da sunan nan take, ya sa hannu a kan alkawarin ba zai sake ba, sannan ya biya kuɗin lauyan da ya rubuto wasiƙar, duk cikin 'yan kwanaki. Da hannunsa ya zauna yana ɓare sitika daga jikin kaya. Mutumin kirki ne, bai saci sunan kowa ba, amma rashin sani bai cece shi ba.

Abu na farko da na ci karo da shi shi ne ba kowane suna ake karɓa ba. Kalmar da ke bayyana kayan kanta, ko irinsa, ko inda ya fito, ba a mallaka wa mutum ɗaya. Ba za ka je ka ce "yaji" ko "suya" ko "kilishi" naka ne kai kaɗai ba, kuma kasancewar kalmar ba Jamusanci ba ce ba lallai ya ɓoye ta ba, domin ana duba yadda masu saye da dillalan kayan suka fahimce ta. Ni wannan doka ta yi min daidai. Da babu ita, da tuni wani mai kuɗi ya rigaye mu ya kulle sunayen abincin iyayenmu, mu koma muna neman izini kafin mu rubuta su a jikin kwalba. Na ɗauki laƙabin da ake kiran kakata da shi, gajere ne, ba shi da harafi mai ƙugiya, saboda mai saye Bajamushe zai nemi sunan a waya kuma madanninsa ba su da ƙ ko ɗ.

Sai babban abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. DPMA ba ta duba ko wani ya riga ka. Tana duba ko sunan ya cancanci zama tambari, ko bai saɓa wa doka ba, ko ba yaudara a cikinsa, shi ke nan. Ko da akwai mai irin sunan sak a kan irin kayanka, za ta karɓi kuɗinka ta ba ka takardar shaida. Kamar mai unguwa ne ya sa maka hannu a takardar fili ba tare da ya taka ya ga ko wani ya kafa harsashi a wurin ba. Binciken nauyinka ne kai kaɗai.

Kuma binciken ba a rumbu ɗaya yake tsayawa ba, domin tambura iri uku ne ke da ƙarfi a cikin Jamus: waɗanda aka yi wa rajista a Munik, da na Tarayyar Turai baki ɗaya, da na ƙasa da ƙasa waɗanda masu su suka zaɓi Jamus ko Tarayyar. Shafin DPMAregister da na TMview, inda ake binciken tambura, kyauta ne, na zauna a kansu dare bayan dare. Neman sunan harafi da harafi shi ne mai sauƙi. Mai wahalar shi ne masu kama da shi, don doka tana kallon yadda suna yake faɗuwa a kunne, da yadda yake a ido, da ma'anarsa, sannan ta haɗa da kusancin kayan biyu. A nan dole ka ari kunnen Bajamushe. Shi J yake rubutawa inda muke jin Y, W ɗinsa kuma V ce, K da C sukan zo masa ɗaya, karin sautin da ke raba mana kalmomi kuwa ba ya jin sa sam. Sunan da ya fara da "Ya" sai na neme shi da "Ja". Na kuma bincika intanet da rajistar kamfanoni, tun da sunan kamfanin da bai yi rajistar tambari ba shi ma yana iya tare maka hanya.

Na samu wani tambari da ya yi kusa da nawa, na kayan shafawa. Hankalina bai kwanta ba, sai na biya lauyan da ya ƙware a harkar ya duba min. Ya ce man shafawa da kayan miya sun yi nisa da juna, haɗarin kaɗan ne. Mazaunin Jamus ba dole ba ne ya ɗauki lauya kafin ya shigar da takarda, amma wannan kuɗin ban taɓa jin zafinsa ba. Wanda ke zaune a waje, a ce Kano ko Maraɗi, shi kam doka ta wajabta masa wakili a nan.

Daga nan sai zaɓen rukuni. Duniya tana bin tsarin da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957, wanda a yau ya kasa komai gida 45, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Yaji da ganyen shayi suna rukuni na 30, nama da man girki suna na 29, girki da ciyar da taro suna na 43. Kuɗin shigar da takarda ta intanet yuro 290 ne, a rubuce kuma 300, kuma ya ƙunshi rukuni uku. Kowane ƙari yuro 100. Na daɗe ina juya rukuni na 32, na abin sha, saboda ina da burin zuba zoɓo a kwalba. Abu biyu ne suka ja ni gaba da baya. Bayan ka shigar da takarda ba a ƙara kaya a jerin, sai dai a rage. A ɗaya ɓangaren kuma, tambarin da ya shekara 5 ba a yi amfani da shi da gaske a kan wani kaya ba, kowa na iya neman a soke shi a wannan fannin. Na tambayi kaina tsakani da Allah ko zoɓon zai fito kasuwa cikin shekarun nan. Na ga zai fito, na biya ɗarin.

Na zaɓi rajistar kalmar zalla, ban haɗa da zane ba. Zanen leda zan iya canza shi gobe, sunan kuwa yana nan. Wasu idan aka ƙi musu kalma mai bayyana kaya sai su yi mata ado da zane har ta wuce, su yi ta murna, alhali adon aka kare musu, kalmar tana nan ta kowa.

Mutane sun yi ta tambayata me ya hana ni yin ta Turai gaba ɗaya. Ofishinta EUIPO yana Alikante a Sifaniya, kuma takarda ɗaya tana rufe ƙasashe 27, ban da Ingila da ta fice. Rukunin farko yuro 850, na biyu 50, daga na uku kowanne 150. Ba tsadar kaɗai na duba ba. Idan wani a Fotugal ko Foland yana da tsohon tambari mai kama da naka, shi kaɗai ya isa ya kayar da takardar duka. Kayana a Jamus ake sayensu, sai na fara daga inda ƙafata take. Wanda ya riga ya san yana aika kaya Holan da Beljiyam da Faransa, lissafinsa daban ne.

Cike fam ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka, ban daɗe a kansa ba. Abin kiyayewa shi ne kuɗin ya isa cikin wata 3, in ba haka ba a ɗauka ka janye, kuma idan aka ƙi sunan ba a mayar da ko sisi. Ranar da takardarka ta shiga ita ake gwadawa idan tambura biyu suka yi karo. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Takardar shaida ta iso bayan wasu watanni, amma ban ba da aikin buga leda ba tukuna. A Jamus rajista ake fara yi, sannan a wallafa, sannan a buɗe wata 3 ga duk mai tsohon haƙƙi ya shigar da ƙorafi, kuɗinsa yuro 250. Jiran nan ya yi min nauyi, ga odar salla tana matsowa, ina ta ƙulla kaya a farar leda da sitikar wucin gadi. Babu wanda ya fito. Ko bayan wata ukun ƙofar neman sokewa ba a rufe take ruf ba, amma mafi yawan rigima a wannan tsakanin take bayyana. Sai a lokacin na buga ledar da alamar ® a gefen sunan. Sa wannan alama kafin rajista ta tabbata yaudara ce a idon doka, ita ma tana jawo wasiƙar lauya, kuma na sha ganinta a kayan 'yan'uwanmu da suka sa ta don ado kawai.

Akwai wani abu da ya ɓata min rai ƙwarai. Da zarar sunanka ya fito a rajista, sai wasiƙu su fara shigowa masu kama da na hukuma, da hatimi da lambar tambarinka, suna neman ɗaruruwan yuro don a saka ka a wani kundi. Kamfanoni ne masu zaman kansu, kundin nasu ba ya ƙara maka komai, ita kanta DPMA tana gargaɗi a kansu. Irinmu da Jamusanci bai zauna a bakinmu sosai ba, kuma muke tsoron duk wata ambulan mai kama da ta gwamnati, mu ne suka fi cin kasuwa a kanmu. Kuɗin hukuma asusun baitulmalin tarayya ake tura shi. Duk wasiƙar da ta ba ka wani asusu, musamman na wata ƙasa, ka kai wa wanda ya iya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta.

Rajistar tana aiki shekara 10 daga ranar shigarwa, sabuntawa kuma yuro 750 ne ga rukuni uku, da 260 a kan kowane ƙari. A tsakanin nan hukuma ba za ta sanar da ni ba idan wani ya shigar da suna mai kama da nawa, don haka duk farkon wata nakan buɗe rajistar in duba, saboda kada wata ukun ƙorafi su wuce ni.

Abin da ya rage min yanzu shi ne gida. Takardar Munik ba ta da ƙarfi a Najeriya, kuma Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid da ake bi ta Janiba a nemi ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Dole sai an shigar da sabuwa a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja. Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. Barkono da citta da kanumfarin da nake dakawa daga can suke zuwa, kuma ba na son ranar da zan kai kayana kasuwar Kano in tarar wani yana sayar da yaji da laƙabin kakata. Yayana ya riga ya yi magana da lauya a Abuja, da rukuni na 30 za mu fara.