Ruwa ya ci damina, fetur ya tare rani: abin da muke yi a fadamarmu

Mu da ke zaune a gefen kogin Haɗeja mun daɗe da sanin ambaliya. Iyayenmu ma sun santa, kuma suna da hanyar farfaɗowa: in ruwa ya cinye shinkafar damina, sai a jira ya janye, a koma fadama a yi noman rani, alkama da albasa da tattasai su rage asara. Su da jigo suke ban ruwa, mu kuwa inji muka saba da shi, shi kuma inji fetur yake sha. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta taɓa dubu a wurare da yawa. To wanda ruwa ya kwashe wa gona a Satumba, da me zai sayi man da zai shayar da alkama har zuwa Maris?

Wannan tambayar ce ta tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, mu da gonakinmu ke jere a layi ɗaya. Da can kowa da injinsa, kowa da tiyonsa, har ka ga injuna uku suna ruri a bakin rami guda. Yanzu mun ajiye tsofaffin da ke zubar da mai, mun bar masu lafiya, mun ƙara tsawon tiyo, mun raba kwanaki. Ranar da layi ya zo kanka, kai za ka zuba mai, sauran su taya ka jan tiyo. Mun kuma daina ban ruwa da tsakar rana, sai da asuba ko bayan la'asar, domin ruwan da ka zuba rana na tsaka, da yawansa rana ce za ta shanye. Ba na cewa ba a saɓawa. Akwai mai jinkiri, akwai mai son ya wuce sa'arsa, amma sarkin noma na nan, kuma duk wanda ya tuna kuɗin jarka guda yakan haƙura.

Wasu cikinmu sun mayar da injinsu mai amfani da gas ɗin girki. Makaniki zai sauya kafireto, a haɗa da tukunyar gas, kuma gaskiya an ga sauƙi, ko da yake shi ma gas ɗin bai tsaya a farashi ɗaya ba. Duk mai son yin haka ina roƙonsa ya kiyaye: kada a bar tukunya cikin rana, a kafa mata inuwa ko da ta zana ce, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa to yana yoyo, a kashe nan take. Injin sola ya fi duka, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa muka soma adashi bayan girbi, wanda ya kwasa ya sayi farantin sola, da sharaɗin zai bai wa maƙwabtansa ruwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka ma kai kaya kasuwar Gujungu ko Haɗeja, mota guda muke haɗawa, a raba kuɗin gwargwadon buhunan kowa.

Shirin ambaliya kuwa ba a watan Agusta ake fara shi ba. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma ana faɗa a rediyo da Hausa. Mun ɗora wa wani matashi mai waya nauyin bibiya, in ya ji wani abu ya sanar a masallaci. Tun rani muke gayyar jinga, muna cika buhunan taki da yashi muna jerawa a inda ruwa ya saba ɓallowa. In kogi ya cika kuma, matasa kan yi kwanan gadi da tocila, su kafa sanda a bakin ruwa su yi mata alama, ta haka ake gane ko yana hawa ko yana sauka. Abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ya sami mutane. Mun ɗauki darasi daga nan: kowane gida ya san tudun da zai nufa, kuma a san wa zai goyi tsohuwar da ba ta iya tafiya, tun kafin buƙatar ta zo.

Uwargidana ce ta fi ni tsari a nan. Katin ɗan ƙasa, takardun gona, sakamakon makarantar yara da katin rigakafi, duk ta naɗe su a leda biyu, ta zura cikin bokiti mai murfi, ta rataye a azara kusa da ƙofa. Irin shinkafa da na alkama kuma mukan kai gidan ɗan'uwana da ke kan tudu tun damina ba ta yi nisa ba. Manomin da ya rasa amfanin gona zai iya tashi, amma wanda ya rasa iri sai ya ci bashi kafin ya shuka.

Abu biyu ne ke kashe mana mutane bayan ruwa ya tsaya, kuma ba a cika maganarsu ba. Na farko ginin ƙasa da ya jiƙa: gindin katanga ya sha ruwa, sama tana nan kamar lafiya lau, sai cikin dare ta rufta kan masu barci. In ruwa ya kwana a gindin ɗaki, a fita, ko da a makaranta za a kwana. Na biyu amai da gudawa, domin masai ya haɗu da rijiya. A tafasa ruwan sha. In yaro ya fara zawo, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita guda ta tsaftataccen ruwa, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti.

Sai maganar da ta fi yi mini ciwo. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar da muke bi zuwa Kano. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawansu matasa. Allah ya jiƙansu. Watanni uku bayan haka irin wannan ya sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Ba na zagin waɗanda suka je, na san abin da lita guda take nufi ga mai babur da ya wuni bai samu ba. Amma tururin fetur yana bin ƙasa ya yi nisa, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Na zaunar da 'ya'yana na ce musu in sun ga tanka ta faɗi su juya baya su yi nisa, su kira lambar gaggawa ta 112, kuma su hana na bayansu matsawa. Haka jarkar mai a ɗakin kwana, kusa da kicin ko maganin sauro mai hayaƙi, mun hana a unguwarmu. Mai ajiya ya yi mata rumfa can bayan gida.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gayyarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, ruwa ya riƙa zama a kogin rani da damina, ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyi, yashi ya taru, ruwa kuma ya koma neman hanya ta gonaki da gidaje. Mukan shiga da lauje da kwalekwale mu yanka, ta sake tsirowa. Wannan aikin manyan injunan yashe kogi ne, kuma na gwamnati ne da hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are. Mun rubuta takarda da sa hannun masu unguwanni, muna neman a yashe ɓangarenmu tun rani, kuma a riƙa sanar da mu da wuri duk lokacin da za a saki ruwa daga sama. Kansilanmu ya karɓa, za mu koma masa bayan girbin alkama.