Dagin da ke goshin zaurenmu

A makon farko na zangon karatu na biyu, malaminmu na zane ya shigo aji hannu rabbana, ko alli bai riƙo ba. Mu goma sha ɗaya ne kacal muka zaɓi darasin a SS2. Ya ce aikin wannan zangon ba a waya za mu samo shi ba. Kowa ya fita daga gidansu da ƙafa, kada ya wuce tafiyar minti goma, ya nemo wani ado da hannun mutum ya yi, ya kwafo shi a takarda, sannan ya sake yin sa da irin kayan da mai shi ya yi aiki da su.

Raina bai so ba a ranar. Abin da na iya, wanda kuma aka san ni da shi a makaranta, shi ne zana fuska da fensir. Tun ina JS1 nake aron wayar yayana ina kallon masu zanen gawayi a YouTube, ina koyon yadda ake sa inuwa a ƙarƙashin hanci da yadda ake barin ɗan fari a ƙwayar ido. A zangon farko da aka jera mana buta da ƙwarya da lemo uku a kan tebur, ni na fi kowa maki. Baba dai bai taɓa sakin jiki da zanen fuskar nan ba. Bai hana ni ba, amma duk lokacin da ya gani sai ya ce, "Ka yi hattara da surar mai rai." Saboda haka littafin a ƙarƙashin katifa yake kwana.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, kuma ban yi tafiyar ko minti ɗaya ba na sami aikina. A goshin zauren gidan akwai dagi da aka fito da shi da ƙasa, da takobi ɗaya a kowane gefe. Shekara goma sha bakwai ina shiga ina fita ta ƙarƙashinsa. Sai da na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a gabansa da takarda na lura cewa da'irori biyun da ke ƙasan dagin, waɗanda na ɗauka furanni ne, ƙafafun keke ne. Ga sirdi, ga kan keken, duk ruwan sama ya cinye su saura alama. Kakata ta ce surukinta ne ya sa aka yi masa lokacin da ya sayi keke, don duk mai wucewa ya sani.

Kwana uku na yi kafin dagin ya zauna a takarda. Layinsa yana hawa kan ɗan'uwansa, ya shige ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, in ka kuskure wuri ɗaya to duk ya warware. Na kuma gano cewa ɓangaren hagu ya fi na dama faɗi da kamar tafin hannu. Da farko na gyara shi da rula ya daidaita. Da na ɗaga takardar na haɗa da bangon, sai na ga nawa ya mutu, na bango yana numfashi. Na goge, na bi shi yadda yake.

Aka zo kan yin sa da ƙasa. Na samo falanki, na ɗebo jar ƙasa a bayan gida, na kwaɓa da ruwa, na shafa, na fito da dagin da yatsa da bayan cokali. A watan Janairu ne, hunturu yana kaɗawa. Na shanya shi a rana. Kashegari da yamma ya tsattsage kamar gindin tafki a bazara, jibi kuwa rabinsa ya zube ƙasa. Na zauna a tsakar gida na rasa abin da zan yi.

Kakata ce ta dube shi ta ce, "Maigidana, ai ƙasa ba ta tsayuwa ita kaɗai." Ta kwatanta mini gidan wani tsohon magini da ya taɓa yi mana yaɓe tun kafin a haife ni. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa ɓaraguzan a leda. Ya murza ɗaya a tsakanin yatsunsa.

"Ɗan nan, yaushe ka kwaɓa, yaushe ka shafa?"

"Rana ɗaya, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce ƙasar gini sai an zuba mata ramno da kashin doki, a tattake ta da ƙafa sosai, a rufe ta a bar ta kwanaki ta tsima, ana komawa ana yayyafa ruwa ana sake takawa. Ciyawar ita ke riƙe ta idan ta fara bushewa tana janyewa. Ya ce in kafa ƙananan ƙusoshi a jikin falankin don ƙasar ta sami abin kamawa, kuma in busar da shi a inuwa da jiƙaƙƙen buhu a kai. Daga baya a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya riƙa zamewa, ita ke ba bango wannan launi mai duhu. Sau huɗu na koma wurinsa. A zuwa na uku ya karɓi falankin ya nuna mini yadda ake tayar da layi: da gefen babban yatsa, a ja sau ɗaya ba tare da tsayawa ba. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma a kan ɗanyar ƙasa bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya ce ya manta rabon da wani ya nemi ya yi masa ado a bango, kowa siminti yake so.

Daga bakinsa na fara jin labarin Babban Gwani yadda ya kamata. A da, sunan unguwa kawai na ɗauke shi. Muhammadu Durugu ne, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Da na faɗa wa malaminmu, sai ya shirya muka je da 'yan ajin. Tsohon ginin yana nan a cikin sabon da aka rufa masa daga baya. Na tsaya a ƙarƙashin bakan gizon nan na ƙasa da azara, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, na ɗaga kai har wuyana ya gaji. Layukan da ke jikin ginshiƙan masu kauri ne, masu zurfi, ba fenti, haske ne kawai ke faɗuwa a kansu ya haifar da inuwa. Inuwar da na shekara biyar ina nema da fensir, shi da tudu da kwarin ƙasa ya yi ta.

Wani abokina a ajin ya ce wannan duk sana'a ce, fasaha ita ce zanen da ake sa wa firam a rataye. Ban yarda ba, kuma har yau muna musu. Malam bai raba mu ba, sai ya ciro naira ashirin ya juya bayanta. Ladi Kwali ce a jiki, 'yar Gbagyi daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukunya da hannu a gida, tana zana ƙadangaru da kifi da kunama a jikin randa. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, ta koyi aiki da faifan juyi da gashi mai zafi, amma ba ta saki zanen gidansu ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ya kuma ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama jami'ar a 1962: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Malamansu Turawa ne, su kuma suka dage sai sun haɗa abin da ake koya musu da adon garuruwansu. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a Zariya suka yi wannan tunani, kusa da bangaye irin namu.

Ranar gabatar da aiki, wata 'yar ajinmu ta kawo allon zayyana da ta kwafo daga na saukar yayanta, da tawadar da ta dafa da kanta. Wani ya kawo aska takwas da ya ɗinka a ƙyalle, ta takwas ɗin bai ƙarasa ta ba saboda lokaci. Nawa yana da tsaga guda siririya a kusurwar dama, Malam ya rage mini maki uku a kanta, kuma gaskiyarsa ne, na yi gaggawar cire buhun.

Da na kawo shi gida, Baba ya karɓa da hannu biyu, ya fita da shi waje ya tsaya a gaban zauren yana duban wannan yana duban wancan. Ya ce, "Har keken ka sa." Yanzu yana jingine a ɗakinsa kusa da littattafansa.

Makwabcinmu ya fara kankare nasa goshin zauren a makon jiya, za a yi filasta kafin damina. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu, ya yarda. Na auna komai da igiya, na zana shi a takarda huɗu da na liƙa, na rubuta zurfin kowane layi a gefe. Ƙasar da zan yi nasa da ita tana bayan gida a rufe, yau kwananta biyar, gobe bayan la'asar zan sake taka ta.