Rahoton kwastoma a cikin shafinsa: inda na kai da Odoo da Metabase

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aikin ya tsaya a wajena. Abin da nake so na haɗa ba shi da yawa a baki: idan ma'aikacin sashen ciniki ya buɗe shafin wani kwastoma a cikin manhajar gudanar da kamfani, ya tarar da rahoton wannan kwastoman kaɗai a gabansa, abin da ya saya wata-wata, bashin da ake binsa, da kayan da ya fi ɗauka. Ba sai ya fita ya buɗe wata manhaja, ya nemo sunan, ya tace ba. Rahoton ne zai bi shi inda yake aiki.

Na zaɓi Odoo saboda akwai nau'insa na kyauta da kowa zai iya girkawa a kwamfutarsa ya yi ta gwaji. Manhajar 'yan Beljiyam ce, Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan a 2014 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Duk bayananta a cikin rumbun bayanai na PostgreSQL suke zaune, kuma wannan ne ya sa haɗa ta da Metabase, manhajar da ke zana rahoto daga rumbun bayanai, bai ba da wahala ba. Girkawa ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Na yi amfani da Docker, wanda ke gudanar da kowace manhaja a keɓe cikin abin da ake kira kwantena, na tayar da guda uku: Odoo a tashar 8069, Metabase a 3000, PostgreSQL a 5432. Abu ɗaya kawai za ku kiyaye, idan Metabase ya tambaye ku adireshin rumbun bayanai kada ku rubuta masa localhost, domin a wajensa wannan na nufin cikin kwantenarsa shi kansa. Sunan kwantenar PostgreSQL za ku ba shi. Na kuma kunna bayanan gwaji da Odoo ke zuwa da su, waɗanda ke da kamfanonin ƙirƙira irin su Azure Interior da Deco Addict, don a samu abin ƙirgawa.

Kafin na haɗa komai na buɗe wa Metabase asusunsa daban a PostgreSQL, mai izinin karantawa kawai, kuma a kan teburan da nake buƙata kaɗai: res_partner (kwastomomi da sauran abokan hulɗa), sale_order da sale_order_line (oda), account_move (takardun akanta), product_product da product_template (kaya). Kayan rahoto ba shi da hurumin rubuta komai a littafin kamfani.

Zana jadawalin farko bai ɗauki lokaci ba. Inda na daɗe shi ne a kan wata tambaya da ta yi kama da wasa: wane ne "wannan kwastoman"?

A Odoo, teburin res_partner ba kamfanoni kaɗai yake ɗauke da su ba. Kamfani layi ɗaya ne, ma'aikacinsa da ke karɓar waya layi ne daban, adireshin kai kaya layi ne daban, adireshin aika takardar biya shi ma haka. Kowane da lambarsa. To idan an rubuta oda da sunan wani ma'aikacin Azure Interior, lambar wannan mutumin ce za ta shiga gurbin partner_id na odar, ba ta kamfanin ba. Wanda ya tace rahoto da partner_id kai tsaye zai buɗe shafin kamfanin ya ga ciniki kaɗan, alhali sauran yana warwatse ƙarƙashin sunayen ma'aikata. Lissafin ba zai nuna wani kuskure ba, jadawali zai fito tsaf, adadin ne kawai ƙarya. Maganin yana cikin gurbin commercial_partner_id, wanda ke nuna uwar kamfanin da kowane layi ke ƙarƙashinta. Teburin account_move yana da wannan gurbin a jikinsa, amma na sale_order sai an haɗa shi da res_partner kafin a samu. A ganina duk wanda zai yi irin wannan aikin, a kowace manhaja ce, nan ya kamata ya fara zama ya yi tunani, kafin ya zaɓi launin jadawali.

Bayan wannan sai tambayar me ake kira ciniki. Teburin sale_order yana haɗe da takardun tayin farashi da ba a amince da su ba, da waɗanda aka soke. Gurbin state ne ke bambance su: draft da sent tayi ne, cancel sokakke ne, sale shi ne odar da ta tabbata. A tsofaffin nau'o'in Odoo akwai kuma done na odar da aka kulle, don haka ku duba nau'in da kuke kai. Ta fuskar bashi kuwa, tun daga Odoo 13 aka haɗe takardun neman biya cikin account_move tare da sauran shigarwar akanta, shi ya sa dole a tace da move_type, a ɗauki out_invoice da out_refund, a kuma tsaya kan waɗanda state ɗinsu posted ne. Na yi amfani da amount_residual_signed maimakon amount_residual, domin na farkon yana cikin kuɗin da kamfanin ke lissafi da shi kuma yana rage kayan da aka mayar, na biyun kuwa yana cikin kuɗin da aka rubuta takardar da shi. Idan kwastoma yana da takarda ɗaya a dala ɗaya a yuro, tara na biyun zai ba ka adadin da ba kuɗin kowace ƙasa ba ne.

Ƙananan abubuwa biyu da za ku ci karo da su. Daga Odoo 16 sunan kaya a product_template ba rubutu ne zalla ba, an mayar da shi JSONB, wani tsarin ajiya mai ɗaukar bayanai da yawa a gurbi ɗaya, don ya ɗauki fassarori, sai ka ciro harshen da kake so da name->>'en_US' in ba haka ba ka ga baka-baka da alamomi a jikin jadawali. Sannan Odoo yana ajiye lokaci da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yana juya shi ne kawai sa'ad da zai nuna wa mai amfani. Odar da aka yi daf da tsakar daren ƙarshen wata tana iya faɗawa wani watan a Metabase idan ba a saita masa yankin lokacin rahoto ba.

Na gwada adadin da hanya mafi sauƙi: na buɗe rahoton ciniki na cikin Odoo, na tace shi da kamfani ɗaya, na ajiye shi gefe da na Metabase. Sai da suka zo daidai na ci gaba. Ku lura ko kuna kwatanta jimla mai haraji da marar haraji, amount_total da amount_untaxed ba abu ɗaya ba ne.

Yanzu ga sashen da ya fi ba ni sha'awa, wato yadda shafin kwastoma ke gaya wa rahoto wanda zai nuna. Metabase yana ba da damar cusa allon rahoto cikin wata manhaja ta hanyar tikiti mai sa hannu, wanda ake kira JWT. A cikin tikitin ana rubuta lambar allon, da darajar filta, da lokacin da tikitin zai daina aiki, sannan a sa masa hannu da mabuɗin sirri da Metabase ya bayar. Kowace filta tana da hali uku: a kashe, a buɗe ga mai kallo, ko a kulle. Filtar kwastoma dole ta zama a kulle. Idan a buɗe take, duk wanda ya ga rahoton zai iya canza lamba ya duba na wani. Idan a kulle take, darajar tana cikin tikitin, kuma ko harafi ɗaya aka taɓa sa hannun ya lalace, Metabase ya ƙi. Amma sa hannu ba ɓoyewa ba ne, kowa zai iya warware tikitin ya karanta abin da ke ciki, don haka lamba kawai nake sawa, ba suna ko wani bayani ba.

A ɓangaren Odoo na rubuta ƙaramin ƙari da Python: sabon shafi a fom ɗin res.partner, wato shafin kwastoma, da gurbi da ake lissafawa duk lokacin da aka buɗe, ba a ajiye shi a rumbu ba. Shi ke ɗaukar commercial_partner_id, ya haɗa tikiti da PyJWT, kayan aikin Python na yin JWT, ya ba shi rai na minti goma, ya saka a cikin iframe, wato tagar da ke nuna wani shafi a cikin wani. Gurbin Html na Odoo yana share iframe da kansa don tsaro, sai an sa sanitize=False ya bari. Mabuɗin sirrin yana zaune a saba, wato kwamfutar da Odoo ke gudana a kanta, cikin ir.config_parameter, bai kamata ya taɓa isa burauza ba. Na danna Deco Addict rahoto ya fito da nasa, na koma Azure Interior ya canza. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Sai dai akwai wani rami da ya kamata kowa ya sani. Dokokin da ke cewa wannan ma'aikacin odar kwastomominsa kaɗai zai gani, Odoo ne ke aiwatar da su, ta ir.rule, ba PostgreSQL ba. Metabase kuwa ta bayan gida yake shiga rumbun, bai san da su ba. Kenan ma'aikacin da Odoo ya hana ganin takardun akanta, muddin zai iya buɗe shafin kwastoma, rahotona zai nuna masa bashin gaba ɗaya. An kulle ƙofa an bar taga. Abin da na yi a yanzu shi ne raba allon gida biyu, na ciniki da na bashi, kowane shafi na ɗaure shi da rukunin ma'aikatan da ya dace, kuma lambar Python tana duba rukunin mutum kafin ta sa hannu a tikiti. Ɓoye shafi a fuska kaɗai bai isa ba, hana tikitin shi ne ainihin hanawa.

Abin da ya rage a gabana: rumbun da ke ɗauke da kamfani fiye da ɗaya yana buƙatar filta ta biyu a kulle, ta company_id, kuma ita zan ƙara yanzu. Zan kuma cire Metabase daga kan H2, ƙaramin rumbun da yake zuwa da shi don ajiye tambayoyi da alluna, na mayar da shi kan PostgreSQL, tun da su kansu masu manhajar sun ce H2 na gwaji ne kawai. Wanda ya riga ya gwada ɗaura rahoton a kan kwafin rumbu maimakon na ainihi, don kada tambaya mai nauyi ta rage wa masu shigar da oda gudu, ina so na ji yadda jinkirin kwafin ya shafi adadin bashi a wajensa.