Ƙaryar yaƙi: daga wani gida a Accra zuwa wayarka

A Fabrairun 2020 jami'an tsaron Ghana suka dira wani gida a gefen Accra, inda matasa 16 ke aiki da wayoyin hannu a ƙarƙashin wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna EBLA, suna tafiyar da asusun bogi a kafofin sada zumunta. Ranar 12 ga Maris kamfanin Facebook ya rufe asusu 49 da shafuka 69 da asusun Instagram 85, Twitter kuma ya rufe 71, duk masu alaƙa da wannan aiki. Facebook ya ce bakin zaren yana hannun mutanen da ke da alaƙa da Internet Research Agency, wata cibiyar yaɗa farfaganda a intanet ta Rasha. Baƙaƙen fatar Amurka ake hari, a shekarar zaɓensu.

Yadda aka gina aikin shi ne abin lura. Ba da ƙarya ake farawa ba. Sai a yi watanni ana saka abin da ke taɓa zuciya kuma gaskiya ne: tarihin baƙar fata, zaluncin 'yan sanda. Asusun nan ya yaɗa na wancan, wancan ya yaba wa wannan, har mai kallo ya ɗauka taron jama'a ne. Da haka suka tara mabiya kusan 265,000 a Instagram. Sai an samu amana tukuna ake zuba dafin. Wani asusun yana cewa a Amurka yake, alhali daga Ghana yake magana.

Kada a ce halin Rasha ne kaɗai. A Disambar 2020 Facebook ya rufe wasu asusun da ya danganta da mutanen rundunar sojin Faransa, suna fafatawa da na Rasha kan Mali da Afirka ta Tsakiya. A Afrilun 2022 aka yaɗa hotunan gawarwaki a Gossi ta Mali, aka ce aikin Faransa ne. Ita kuma ta fitar da bidiyon jirgi marar matuƙi, ta ce 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, ne ke binne su.

Inda abin ya fi damuna shi ne zangonninmu. A Nima da Mamobi na Accra, ko Aboabo ta Kumasi, labarin Burkina Faso da Nijar yakan iso ne ta saƙon murya a WhatsApp, da Hausa, daga ɗan'uwa ko abokin kasuwa. Wa zai ƙaryata kawunsa? Hoto da bidiyo suna da magani: ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka saka a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa za ka tarar tsohon abu ne daga wata ƙasa. Ka duba kakin soja da lambar mota da harshen da ke jikin allon shaguna. Ƙungiyoyin tantance labarai irin su GhanaFact da Dubawa ma suna tantancewa.

Murya kuwa ba ta da irin wannan bincike. Idan ka ga kibiya biyu a saman saƙon, ya bi hannaye aƙalla biyar kafin ya zo gare ka. Ka tambayi wanda ya turo: wane ne mai maganar, a wane gari, wace rana? In ya ce shi ma turo masa aka yi, saƙon ya tsaya a wayarka.